Fitilar da Na Saukar wa Baba

Sati shida ke nan da aka jawo Baba daga cikin rijiya, kansa a langaɓe, ƙafafunsa na reto, kuma ni ce na ɗaura fitilar da ta ce masa ya sauka. Yana nan da ransa, alhamdu lillahi. Ɗazu ma na jiyo shi a zaure yana wasa bakin diga. Amma ni har yanzu ba na iya daɗewa a kan tunanin ranar, shi ya sa nake rubuta wannan a hankali, shafi ɗaya yau, rabi gobe.

Baba maginin rijiya ne, ubansa ma haka. Daga Filinge zuwa Bonkuku, har arewa wajen Abala, da wuya ka yi tafiyar yini ba ka sha ruwan rijiyar da ɗayansu ya gina ba. A cikin dallol, wato kwarin tsohon gulbi, aikin ba wuya, ruwa na kusa. A kan tudu ne ake sanin magini. Baba ba ya auna zurfi da metir, da gaba yake aunawa, wato ya ware hannuwansa biyu a jikin igiya, daga wannan yatsa zuwa wancan, gaba ɗaya ke nan. Akwai rijiyar da ya gina da ta wuce gaba talatin.

Yana da wata ɗabi'a da ban ga wani magini da ita ba. Duk sanda ƙasa ta sake kama a ƙarƙashin digarsa, sai ya aiko da dunƙule ɗaya a cikin guga, ya ce a ajiye masa a gefe, kusa da na baya. Kafin rijiya ta ƙare sai ka ga ƴan tsibi-tsibi sun yi layi a bakinta: jan rairayi, marmara, farar laka, sai wani dutse mai nauyi da ke da ƙwayoyi a jiki kamar gero, sai laka kuma, sai tsakuwa. Ina ƙarama da su nake wasan kasuwa. Shi kuwa in ya fito ya sha ruwa, sai ya tsuguna gabansu yana murzawa da yatsa, wani lokaci har ya ɗanɗana.

Wata rana ya ɗora mini tsakuwa a tafin hannu, mai santsi kamar ƙwan kurciya. Daga gaba goma sha biyar ta fito.

"Wa yag goge ta?" ya tambaye ni.

"Kai, Baba."

"Ni ina da lokacin goge tsakuwa? Ruwa na. Ruwa mai gudu. Nan gulbi yat taɓa bi."

Na dubi fakon da muke tsaye a kai, ko ciyawa babu. Na ce to ina gulbin ya tafi?

"Ya tahi abinai," in ji shi, ya miƙe ya koma aiki.

A ƙarƙashin gadonsa akwai gwangwanin madara cike da abubuwan da ya kawo daga Adar, shekarar da ya yi aiki can yana saurayi. Dodon koɗi ne da ya zama dutse, da haƙora masu tsini da ya ce na kifi ne, ko da yake bai taɓa ganin kifin da ke da irinsu ba. Inna takan ce wasu maza in sun je ci-rani turmin atamfa suke kawowa, nata mijin haƙoran matattu ya kawo.

Sai da na shiga lise, wato babbar sakandare, na sami wanda ya ba ni labarin abin da ke cikin gwangwanin nan. Malaminmu na kimiyyar rai da ƙasa, darasin da muke cewa SVT, wani siriri ne da alli ba ya rabuwa da gashin girarsa. Shi ya ce mana teku ta taɓa kwanciya a kan Adar. Ya ce ai wannan ma jiya-jiya ne. Ya ja mu baya, can farko, lokacin da duniya take narkakken dutse, ba wurin da ƙafa za ta taka. Ta huce a hankali, ta yi ɓawo. Aka yi ta ruwan sama, shekaru bisa shekaru, ba gona, ba wanda zai ce an gode Allah, har ramuka suka cika suka zama teku. Sama kuwa akwai iska, tana kaɗawa, amma ba irin wadda ake shaƙa ba ce. Da za a ajiye mutum a wannan duniyar, kafin ya gama waiwayawa ya faɗi.

Daga nan ya zo kan abin da har yau ban daina tunawa ba. Ya ce a cikin tekun aka sami wasu halittu ƙanana, ido ba ya ganin ɗaya sai sun taru, dangin gansakukar da ke kwanciya a komin shayar da shanu. Ba ido, ba baki, ba ƙafa. Hasken rana suke kamawa su yi abincinsu, su saki ɗan kumfa. Kumfan nan shi ne oksijen. Kuma da farko ko kaɗan bai kai sama ba, don ƙarfen da ke narke a cikin ruwa shi ke cinye shi, ya yi tsatsa ya nutse. Suna saki, ƙarfe na ci. Sai da ƙarfen teku ya ƙoshi sannan iskar ta soma taruwa. Washegari na ɗauko dutsen Baba mai ƙwayoyin gero na kai masa, na ce ko shi ne tsatsar. Ya juya shi, ya yi dariya, ya ce tama ce dai, amma wannan jariri ne in aka gwada shi da waccan.

A wani ajin kuma, na kimiyyar sinadarai, an taɓa kunna mana kyandir aka kifa masa kwalba. Muka ga wutar ta rage, ta yi shuɗi, ta mutu. Aka tambaye mu dalili a jarrabawa, na rubuta, na ci maki mai kyau. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce ban sani ba.

Na kawo wa Baba labarin duniya wata la'asar yana tufkar igiya a tsakar gida. Kawu na zaune yana cin gyaɗa. Kawu taubashin Baba ne, uwarsa da uban Baba ciki ɗaya, kuma tun da abokin aikin Baba na dā ya tafi kudu, shi ke tsaya masa a bakin rijiya. Manomi ne, bara ya fara aikin. Ba sa iya zama wuri ɗaya ba su tsokani juna ba.

Na ce shekarun duniya sun kai miliyan dubu huɗu da ɗari biyar. Baba ya ce shi wannan ba ya shiga kansa, in faɗa masa da gaba. Igiyar da ke hannunsa gaba arba'in ce. Na ɗauko kaye, littafin rubutuna na makaranta, na yi lissafi, shi kuma ya sa Kawu ya riƙe baki ɗaya, ya ja ta daga gindin rumbu, ta ratsa tsakar gida, ta bi ta zaure, ta fita har titi. Na bi ta ina nunawa. Na ce daga rumbu har kusan rabi, babu iskar shaƙa. Na ce duk wani abu mai ƙashi ko mai ɓawo, a gaba biyar na ƙarshe ya zo. Dodon koɗinsa kuwa bai kai gaba ɗaya daga baki ba.

"Mu hwa?" in ji Baba.

Na kama bakin igiyar da farce, na ce ba mu kai faɗin ɗan yatsa ba.

Kawu ya ce daga can ciki, "Ke ɗiya, malamai sun ce kwana shida anka yi ta."

"Kwanan wa?" Baba ya ce. "Naka, da kaka kwana har hantsi?"

Ya tsaya a tsakiyar igiyar ya daɗe. Mutane na wucewa suna tsallake ta. Can ya ce, "Su waɗanga ƴan mitsi-mitsi, duk wanga tsawo suna aiki, ba su ga mutum ko guda ba?"

Na ce ba su gani ba.

"Ba wanda ya kai musu hura?"

Na yi dariya na ce babu.

"Maginan gaske ke nan," ya ce, ya soma naɗe igiyarsa a gwiwar hannu.

Rijiyar da abin ya faru a kan tudu take, arewa maso yamma da gari, tafiyar rabin yini a amalanke. Wani dattijo mai shanu ne ya sa aikin, don matan rugarsa tun asuba suke fita da jakuna ɗebo ruwa, sai azahar su dawo. Na bi su Baba ne a hutun bazara don in riƙa yi musu tuwo. An kafa gwafa biyu a bakin ramin, an gitta itace, an rataya ƴar ƙafar ƙarfe da igiya ke gudu a kanta. Ɗaya bakin igiyar yana jikin wani jan sa. In san ya yi gaba, abin da ke cikin rijiya ya taso, in ya ja da baya a hankali, ya sauka. Haka ake fitar da ƙasa, haka ake saukar da Baba. Mai jan san matar dattijon ce, doguwa, ba ta da yawan magana, kowa Dada yake ce mata.

Kowace safiya, kafin kowa ya sauka, akwai abin da ake yi. A kunna fitilar ƙwai, a ɗaura ta a siririyar igiya, a zura ta har ƙasa, a jira kamar gwargwadon karanta Fatiha sau bakwai, a jawo. In ta dawo da ranta, a sauka. In ta mutu, ranar ba shiga, sai a ɗaure rassan sabara dami-dami a yi ta zurawa ana jawowa har sai fitila ta dawo da ranta. Tun ina goye nake ganin ana yi. Ban taɓa tambaya ba, kamar yadda ban taɓa tambayar dalilin cire takalmi a ƙofar ɗaki ba. Kawu yakan ce aljanun rijiya ne ake wa sallama da haske, in ba su son baƙo ranar sai su hure ta. Baba in ya ji sai ya yi murmushi kawai.

Ranar Alhamis suka kai gaba ashirin da biyu, guga ta fara fitowa da baƙar laka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, da gutsattsarin itace baƙi kamar gawayi. Baba ya fito yana fara'a. Ya ɓare mini wani guntu, na ga zanen itace a ciki sarai. Ya ce daji ne ya kwanta nan tun kafin tudun nan ya hau kansa, kuma duk inda ya taɓa samun baƙar laka, ruwa bai fi gaba biyu a ƙasa ba. Juma'a ba aiki. Aka rufe bakin rijiyar da zana biyu, aka danne da duwatsu, aka kewaye da ƙaya saboda maruƙa. Haka ta kwana biyu a rufe.

Asabar da safe ƙotar diga ta yi sako-sako, Baba ya ɗauka ya nufi ruga don a sa mata tsinke. Ya ce wa Kawu, "Ku saukar da hitila kahin in dawo."

Kawu ya ɗauko fitilar ya girgiza. Babu komai a ciki. Wani maraƙi ne ya ture ta jiya, kananzir ɗin ya tsiyaye a rairayi, kuma shi ke nan wanda muka zo da shi. Yanzu ko a gari sai ka zaga kafin ka sami mai sayar da kananzir, kowa ya koma fitilar batir. Ni ma ina da tawa a cikin jaka, ƴar Cana mai farin haske, wadda na saya a kasuwar Baleyara don karatu.

Ni na ce, "Kawu, ga tawa."

Ya karɓa ya danna, ya ce, "Wagga ai ta hi waccan. In akwai mai gida a ƙasa, ko makaho ne sai ya gani."

Na ɗaura ta da hannuna. Na kwanta rub da ciki a bakin rijiya ina zurawa. Fitilar ƙwai ba ta taɓa nuna mini abin da wannan ta nuna ba. A ƙarƙashin zoben siminti na sama, sai ga bangon rijiya yana wucewa hawa-hawa, ja, sannan ruwan ƙasa, sannan fari tas, wani wuri siriri kamar zare, wani wuri ya fi tsayin mutum. Tsibin da na saba gani a layi a ƙasa, ga su nan a tsaye, kowanne a mazauninsa. Ina ta kiran sunayensu a zuci. Ina tunanin kowane zare shekara nawa ne, wane ruwa ya kawo shi, wa ke numfashi a sama lokacin. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, har na so a ce malaminmu na nan. Fitila ta kai ƙasa, ta zauna a kan baƙar laka tana haske. Kawu ya karanta Fatiharsa. Na jawo.

Baba ya dawo da diga a kafaɗa.

"Kun saukar?"

"Mun saukar," in ji Kawu.

"Ta dawo da ranta?"

"Da ranta, har ta hi naka."

Baba ya ɗaura igiya a ƙugu, ya zaga ta ƙarƙashin cinyoyinsa, ya ƙulla. Ba ya kwance ta ko ya kai ƙasa, a ɗaure yake aiki, abin da ubansa ya hore shi da shi ke nan. Kawu kullum sai ya ce masa akuyar turke. Ya yi bisimilla, Dada ta soma jan san da baya taki-taki, kansa ya nutse.

In ya kai ƙasa yakan ce "Na iso," ya bugi bango sau biyu. Ranar mun ji "Na," sai ƙarar diga ta faɗi.

Kawu ya leƙa. "Kai tsoho, barci ka koma?"

Shiru.

"In kana son hutu ka hwaɗi, ba sai ka ɓoye a rami ba."

Fitilar na hannuna, ban ma kashe ta ba. Na dube ta, sai ga kyandir ɗin nan a ƙarƙashin kwalba a idona. Ban san sanda bakina ya buɗe ba.

"Kawu, ba wuta ba ce. Ba ta shaƙar iska. Babu iska a ƙasa."

Bai gane maganata ba, amma ya ga fuskata. Ya fizge rigarsa, ya kama wata igiya da ke ajiye a gefe zai sauka. Na riƙe masa ƙafa da hannu biyu. Na ce in ya sauka, mutum biyu za a jawo, kuma shi ba a ɗaure yake ba. Ya yi ta fizga yana kiran sunan Baba. Kafin mu rabu, Dada ta riga ta juya san.

"Buge shi ya yi gudu!" Kawu ya ce mata.

Ba ta ko waiwayo ba. Ta ce da Hausarta mai nauyi, in sa ya yi gudu, kan mutum zai fashe a bango. Ta ce Kawu ya riƙe igiya a tsakiyar rami kada ta yi lilo. Ta kama igiyar hancin san, ta sa kafaɗarta a wuyansa, tana yi masa magana da Fillanci ƙasa-ƙasa, suka tafi. Ba sauri, ba tsayawa. Ni na ruga wurinta, na rugo bakin rijiya, na sake rugawa. Gaba ashirin da biyu, kullum kafin in juya tuwo sau ɗaya ya fito. Ranar sai na ga igiyar kamar ba ta da ƙarshe.

Hularsa ce ta fara bayyana, sannan wuyan a langaɓe gefe guda. Muka ja shi zuwa inuwar aduwa. Leɓensa ya yi toka-toka, idonsa a buɗe kaɗan, fari kawai ake gani. Dada ta zo ta kwance ƙullin da ke cikinsa da haƙori, ta juya shi a kan haƙarƙari, ta sa yatsa ta share masa baki. Kawu na jijjiga shi yana salati. Ni na sa kunnena a hancinsa. Da farko ban ji komai ba sai bugun jinina. Can sai wani ɗan zare na ɗumi ya taɓa mini kunne. Na ce kowa ya ja baya, a ba shi iska. Dada ta cire mayafinta tana yi masa fifita.

Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba. Ya yi wani irin ja kamar guga ta tsotsi laka, ya yi tari, ya yi amai. Ya buɗe ido ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan Kawu.

"Mi kaka yi tsirara?" ya ce.

Kawu ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannu.

A amalanke muka kawo shi likita a gari. Majo, babban ma'aikacin jinya, ya duba shi ya ce a bar shi ya kwana biyu, ya ce Allah ya taimaka an fitar da shi da wuri. Yinin nan duka ina zaune kusa da gadon, ba abin da nake kallo sai ƙirjinsa. Ya hau, ya sauka. Ta taga iska na shigowa mai zafi, da warin awaki da hayaƙin babura, iskar da na yi shekara goma sha takwas ina zagi in bazara ta yi. Sai na riƙa tuna waɗancan ƙananan halittu a cikin tekun da ba kowa, suna sakin kumfa ɗaya-ɗaya, ƙarfe na cinyewa, suna sakewa. Duk abin da suka tara, da abin da itatuwa suka ƙara a kai, ga shi yana shiga hancin Baba kyauta. Kuma gaba ashirin kacal ƙarƙashin ƙafarmu ana iya rasa shi. Na yi kuka, ban san ko na tsoro ba ne ko na mamaki.

Kawu ya gaya wa kowa shi ne ya saukar da fitilar. Inna ta daina amsa gaisuwarsa. Rana ta uku, bayan mun dawo gida, na sami Baba shi kaɗai a kan tabarma, na durƙusa na gaya masa ni ce. Na ce ni na miƙa, ni na ɗaura, kuma an koya mini a lakkwal, a cikin aji, abin da wuta ke ci, na tsaya kallon ƙasa na manta.

Ya dube ni ya ce, "Mi kinka gani?"

Na ce ban gane ba.

"Da hasken. Mi kinka gani a bango?"

Na gaya masa, ina sheshsheka, hawa-hawa har baƙar laka. Ya gyara mini wuri ɗaya, ya ce farar laka biyu ce, ba ɗaya ba, akwai siririn rairayi a tsakani.

"Shekara talatin ina jin ana cewa aljanu," ya ce. "Na san ba su ba ne. Inda wuta tam mutu, mutum ma mutuwa yakai, na gani da idona ina yaro. Ban taɓa buɗe baki na hwaɗa ma mai riƙe min igiya ba. Ke kina da shi a kaye, ni ina da shi a kai, kowa ya yi shiru da nashi. Tashi, gwiwarki za ta yi ciwo."

A ranar ya ce zai koma. Inna ta ce sai dai ya tsallake ta. Ni ma na roƙe shi, na ce ya bar wa wani. Ya ce babu maginin da zai shiga ramin da aka jawo mutum daga ciki, kowa zai ce rijiyar ta ƙi. Ya ce rami mai gaba ashirin da biyu ba a barinsa buɗe kusa da ruga mai yara, kuma matar da ta fitar da shi har yau tana bin jakuna tun asuba. Na ga ba zai fasa ba. Na ce to zan bi shi, kuma da sharaɗi: muddin yana ƙasa, ba zai yi shiru ba. Ya ce shi ba rediyo ba ne. Na ce in ya yi shiru zan sa Dada ta ja sa. Ya dubi Inna, Inna ta ɗauke kai, ya ce to.

Saura kwana biyu a koma lakkwal muka isa. Baba ya huda gwangwanin kifi, ya zuba man gyaɗa, ya murza auduga ya yi lagwani, ya kunna ya zaunar da shi cikin guga. Ya ba ni igiyar. Na zura ina kallon wutar. Wajen gaba goma sha takwas ta rage, ta yi shuɗi, ta tafi. Kawu ya leƙa ya daɗe yana kallon duhun.

Muka sari sabara. Ni da Kawu muka yi ta zura dami muna jawowa har tafin hannuna ya yi bororo. Da hantsi aka sake gwadawa, ta mutu a gaba ashirin. Aka ci gaba. Bayan azahar ta kai ƙasa ta zauna, ƴar ɗigo ja can nesa, ta dawo tana ci. Baba ya ce a sake. Ta sake dawowa. Ya ce a mayar da ita ta zauna can tare da shi.

Ya ɗaura igiya. Dada ta ja san da baya. Na kwanta a bakin rijiya, haɓata a kan siminti.

"Na iso," ya ce, ya bugi bango sau biyu.

"Yi ta magana, Baba."

Sai ya kama tsokanar Kawu. Ya faro daga ranar da jaki ya kayar da shi a kasuwar Bonkuku gaban ƴan mata, ya bi ta gonarsa da ya ce ko ɓera ya shiga sai ya fito da yunwa. Kawu na ramawa daga sama. Diga na sauka tsakanin magana da magana, guga na fitowa da baƙar laka, sannan ta soma fitowa da rairayi mai sanyi da ke manne wa yatsa.

Can sai maganar ta yanke. Ba diga, ba komai. Na ga ɗigon wutar yana nan, amma duk da haka na kira shi.

"Baba?"

Na ɗaga hannu, Dada ta kama hancin san.

"Baba."

"Ke ɗiya," ya ce daga ƙasa, yana haki. "Bari in yi numfashi mana."

Na sauke hannuna a hankali. Dada ta saki san, ya sunkuya yana neman ciyawa. Sai na ji diga ta sake sauka.